Tarihin Marigayi Alhaji Mamman Shata, Mawaƙin da Ya Ƙera Waƙarsa a Gaban Jama'a

Ya ku malamai da almajirai, da fatake da 'yan kasuwa na Sabon Gari da Samaru, da dukan wanda wannan takarda ta isa hannunsa. Yau za mu kawo muku labarin wani mutum wanda ba malami ba ne, ba kuwa attajiri ba, amma da wuya a sami malami ko attajiri a ƙasar Hausa wanda muryar mutumin nan ba ta taɓa faɗawa kunnensa ba, ko ya nema ko bai nema ba. Shi ne marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina, mawaƙin kalangu, wanda ya rasu cikin shekarar 1999.

Wataƙila wani ya tambaya abin da ya haɗa almajiri ko ɗan kasuwa da tarihin mawaƙi. To, abin da ya haɗa su yana da yawa. Shata ya riƙe allo yana yaro, ya yi tallan goro yana saurayi, kuma a nan Samaru ne malaman jami'a su ka sanya masa rigar digirin Dokta sa'ad da ya manyanta. Ban da wannan, akwai 'yan kasuwa da direbobi da ma'aikata masu yawa waɗanda babu littafin da ya rubuta sunansu, a bakinsa kaɗai su ka tsira daga mantuwa. Mutumin da ya yi wannan ya cancanci a san yadda ya ke aikinsa, a auna shi da mudun gaskiya, a faɗi mai kyau, a faɗi marar kyau.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Muhammadu Shata a garin Musawa ta ƙasar Katsina cikin 1923, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, Bafillace ne. Gidansu ba gidan kiɗa ba ne ko kaɗan, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe. A wancan zamani sana'a gado ce. Ɗan maƙeri ya kan gaji uwar maƙera, ɗan mahauci ya gaji wuƙa, ɗan makaɗi ya gaji ganga. Wanda bai gada ba kuwa, in ya ɗauki waƙa, sai a ce ya shiga roƙo, roƙo kuwa abin kunya ne ƙwarai a wurin Fulani. Saboda haka mahaifinsa bai so abin ba, ya yi ƙoƙarin raba shi da shi, amma bai yiwu ba.

An sa shi makarantar allo kamar sauran yara. Da ya tasa sai ya shiga sayar da goro, daga baya kuma alewa. Ku 'yan kasuwa kun san talla makaranta ce mai zaman kanta. Mai talla ba ya rabuwa da ɗaga murya, tilas ya riƙe sunayen mutane da fuskokinsu, ya san mai hannun kyauta, ya san marowaci tun daga nesa, ya san kuma maganar da za ta tsai da mai wucewa. Duk waɗannan Shata ya koye su kafin ya zama mawaƙi, kuma da su ya yi aiki har ƙarshen ransa.

Wurin da kayan talla su ka fi tafiya da dare shi ne dandali, inda samari da 'yammata su ke taruwa ana kaɗa musu kalangu. A nan ya soma jefa baki cikin wasan samari da a ke kira asauwara, da farko don nishaɗi kawai. Sannu a hankali sai ya zamana in ya ɗaga murya sauran samari sun yi shiru, labarinsa ya soma ƙetare Musawa zuwa ƙauyukan da ke kewaye. Daga nan ya ajiye talla, ya rungumi waƙa gaba ɗaya.

Hanyar auduga da jirgin ƙasa

Da ya bar Musawa ya zauna Bakori, ƙasar auduga da gyaɗa, daga baya ya koma Funtuwa, wadda ta zama gidansa har ƙarshen ransa. Zaɓen Funtuwa yana da dalili, kuma dalilin ya shafi mu mutanen Zariya. Hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya ta isa Kano cikin 1911, sa'an nan zuwa 1929 an shimfiɗa reshe daga Zariya ta Funtuwa har Gusau da Ƙauran Namoda. Duk inda jirgi ya yi tasha sai gari ya tsiro. Haka Sabon Garin Zariya ya tashi a gefen tasha, da kantunan Turawa da injin gurzar auduga, da Hausawa da Yarbawa da Ibo da Nufawa kowa yana neman abincinsa. Haka kuma Funtuwa ta bunƙasa.

Irin waɗannan garuruwa sun tara wasu mutane waɗanda a da babu su: dillalan auduga da gyaɗa, da masu awo, da direbobin manyan motoci da yaransu, da akawuna da ma'aikatan En'e, da 'yan kwangila. Mutane ne masu kuɗi a aljihu lokacin kaka, amma ba su da sarauta, ba su da makaɗan gado da za su wasa su. Sun bar garuruwan iyayensu inda a ka san asalinsu, sun zo inda ba wanda ya san su sai da abin da su ka yi da hannunsu. Suna bukatar mai faɗin sunansu a bainar jama'a. Shata ya iso daidai lokacin da a ke wannan bukata.

Domin a gane girman abin da ya yi, sai a dubi yadda makaɗa su ke a rarrabe kafinsa. Akwai makaɗan fada, masu kotso da taushi, kowane da ubangidansa guda, kamar yadda Ibrahim Narambaɗa ya ke na Sarkin Gobir na Isa. Irin wannan makaɗi ba ya yi wa talaka waƙa, kome dukiyarsa. Akwai makaɗan sana'a, na manoma da maƙera da 'yan dambe da mahauta. Kalangu kuwa asalinsa na mahauta ne da wasan 'yammata, ba a lissafa shi cikin kayan kiɗan sarauta. Shata ya ɗauki wannan kalangu da a ke rainawa, ya ƙi ɗaure kansa ga ubangida ɗaya, ya yi wa sarki waƙa yau, gobe ya yi wa direba, jibi ya yi wa mai sayar da abinci a tasha. Shi ya sa masana su ke lissafa shi gaba cikin makaɗan jama'a.

Ranar da tauraronsa ya fito sarai ita ce cikin 1952 a Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, a wani babban biki da a ka yi wa laƙabi da Bikin 'Yan Sarki, inda 'ya'yan gidan sarauta goma sha biyu su ka yi aure. Makaɗa sun hallara daga wurare da yawa, amma da a ka watse sunan yaron Musawa ne a bakin mutane. Tun daga wannan biki ƙofofin fada su ka buɗe masa, kalangu ya shiga inda a da ba ya shiga.

Yadda zaman wasansa ya ke

A nan ne ya kamata mu daɗe, gama wanda bai san yadda a ke zaman wasan Shata ba bai san Shata ba, ko da ya haddace waƙoƙinsa ɗari.

Wurin wasa ya kan zama ƙofar fada, ko gidan biki ko suna, ko otal, ko filin taro, ko barikin soja. A kan jera kujeru ga manyan baƙi, sauran jama'a su yi da'ira. Makaɗa su kan zauna ko su tsaya a bayan jagora, kowa da kalangunsa a hammata. Kalangu ganga ce mai siririn ƙugu da baki biyu, an haɗa fatun bakunan da tsarkiya. In makaɗi ya matse tsarkiya da hannunsa sai muryar ganga ta hau, in ya saki ta sauka. Da ya ke Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, ganga tana iya bin karin magana har mai sauraro ya ji kamar kalma ta ke furtawa. Akwai kuma sanƙira, wanda aikinsa shi ne ya san waɗanda su ka hallara, ya yi shela, ya bayyana kyautar da a ka bayar da wanda ya ba da ita.

Waƙar Shata tana da sassa biyu. Akwai gindi, watau 'yar gajeriyar magana wadda 'yan amshi su ke maimaitawa daga farko har ƙarshe, ba ta sakewa. Akwai kuma 'ya'yan waƙa, watau abin da shi jagora ya ke ɗorawa tsakanin amshi da amshi. Gindi kamar turken rumfa ya ke, an kafa shi tun tuni. 'Ya'ya kuwa a nan take a ke ƙera su. Shata bai rubuta waƙa a takarda ba, ba ya zuwa da ita a ƙunshe kamar kayan kanti. Sa'ad da 'yan amshi su ke cika amshinsu, cikin wannan ɗan taƙin numfashi ya ke duban taro, ya ga wanda ya shigo, ya tuna garinsu da sana'arsa da alherin da ya taɓa yi masa, ya auna maganar da kiɗa, sa'an nan ya sake ta daidai kan gaɓa. In mutum ya tashi ya yi liƙi, sunansa ya shiga waƙa nan take. In wani ya yi abin dariya ko abin haushi, shi ma ya shiga.

Almajirai sun san wahalar tsara baiti ɗaya a kan ma'auni, mutum ya rubuta ya goge, ya kwana ya tashi yana neman ƙafiya. To, ku auna mutumin da ya ke yin irin wannan aiki a tsaye, gaban ɗaruruwan mutane, ganga tana korarsa, babu damar gogewa, kuma ya kai tsakar dare a haka. Lalle waƙar baka ba ta bin ƙa'idar aruli da ƙafiya yadda rubutacciya ta ke bi, tana da nata ma'auni wanda ganga ke riƙewa. Amma ƙarfin ƙwaƙwalwa da saurin fahimta da a ke bukata ba ƙarami ba ne.

Daga wannan sai abu biyu su ka fito. Na ɗaya, waƙarsa ba ta fita iri ɗaya sau biyu. Shahararriyar waƙarsa ta kirarin kansa, wadda a ke kira Bakandamiya, an ɗauke ta a lokuta dabam dabam, kuma wanda ya jera su ya saurara zai tarar gindi ɗaya ne amma 'ya'ya sun bambanta, gama kowane zama da mutanensa, kowace shekara da labarinta. Na biyu, jama'a ba 'yan kallo kaɗai ba ne, da su a ke yin waƙar. Sun zo ne su ji waƙar da su ka riga su ka sani a rediyo, suna roƙon a yi musu ita, amma abin da za su koma gida da shi sabo ne, kuma wataƙila da sunansu a ciki.

Misali daga Amurka

Domin a ƙara gane darajar wannan, bari mu leƙa wata ƙasa mu dawo. A Amurka akwai wani irin kiɗa na mutanen karkara da a ke kira kantiri, wanda cibiyarsa ta ke birnin Nashbil a jihar Tenesi. Waɗanda su ka saba da kaset ɗin Jim Reeves da Don Williams a ƙasar nan sun san irinsa. Waƙoƙi ne na manoma da makiyaya da direbobi, na kewar gida da talauci da soyayya, kusan irin abin da mawaƙanmu na jama'a su ke taɓawa.

Amma a can sau da yawa aikin a rabe ya ke. Wani ne ya ke zama a ɗaki ya tsara waƙa, kamfani ya yi mata rajista, sa'an nan a ba wani mai murya ya rera, sunan mai rerawa ya cika duniya, mai tsarawa kuwa ko a hanya ba a gane shi. Willie Nelson, kafin ya yi suna da kansa, ya tsara waƙar da Patsy Cline ta rera cikin 1961 ta zama ɗaya daga cikin manyan waƙoƙinta. Saboda haka sai su ka ƙago wani irin zama na musamman. A wani ɗan gidan cin abinci na Nashbil mai suna Bluebird Cafe, wanda a ka buɗe cikin 1982, masu tsara waƙa uku ko huɗu su kan zauna a da'ira a tsakiyar jama'a, kowa da gitarsa, ɗaya bayan ɗaya ya ba da labarin yadda waƙarsa ta samu, sa'an nan ya rera ta da bakinsa. Mutane su kan zo daga nesa, su yi tsit, don su ji waƙar da su ka sani daga bakin wanda ya haife ta.

Abin da Amurkawa su ke yi wa tafiya su nema, shi ne abincin yau da kullum a wasan Shata. Mai tsarawa da mai rerawa mutum ɗaya ne, kuma ba labarin haihuwar waƙa a ke ba ka ba, a gabanka a ke haihuwarta. Sai dai akwai inda su ka fi mu. A can duk sa'ad da a ka sa waƙa a rediyo ko a ka sayar da faifanta, akwai rabon da a ke lissafa wa wanda ya tsara ta. A nan kuwa ladan mawaƙi shi ne abin da a ka ba shi a wurin wasa, kuɗi ko riga ko doki ko mota. Kaset da a ka yi ta kwafa ana sayarwa a kasuwanninmu, mafi yawansa ko anini bai koma ga mai waƙa ba. Wannan magana ce ta haƙƙi, kuma ya kamata 'yan kasuwa su dube ta da idon da su ke duban mudu da sikeli.

Faifai da rediyo da kaset

Da ba don na'ura ba, da muryar Shata ta tsaya inda ƙafarsa ta tsaya. Da farko faifan garmaho ne ya ɗauke ta. Sa'an nan cikin 1962 a ka buɗe gidan Rediyo da Talbijin na Kaduna, wanda muryarsa ta ke kaiwa har Nijar da Kamaru da Cadi da zangon Hausawa na Gana. Bayan 1970 kaset ya yawaita, ya yi araha, har ya zamana mai shayi da tela da direba kowa yana da Shata a kusa da shi. Wanda ya san kasuwar Sabon Gari da tashar mota a waɗannan shekaru ya san da wuya mutum ya ratsa su bai ji kalangunsa daga wata rumfa ba. Shi kansa kuma ya yi tafiye tafiye da makaɗansa cikin ƙasashen Afirka ta Yamma, ya je Ingila da Amurka.

Abin da ya waƙe ba ya lissafuwa, shi da kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Ya yi wa sarakuna, kuma wanda ya fi shaƙuwa da shi cikinsu shi ne Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gado cikin 1966. Ya yi wa hakimai da attajirai da mata masu sana'a da direbobi. Ya yi waƙoƙin noma da na gargaɗi ga mutanen Arewa su tashi su nemi ilmi da sana'a. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa soja waƙoƙin ƙarfafa zuciya da na haɗin kan ƙasa. Da Amurkawa su ka sauka a kan wata cikin 1969, ya yi waƙar kumbon Afolo 11, mutanen ƙauye da yawa daga bakinsa labarin ya zauna musu. Watau ya zama kamar jarida ga wanda ba ya karatu.

Inda a ka yi masa suka

Ba za mu ɓoye abin da kowa ya sani ba. Harshen da ya ke ɗaga mutum shi ne kuma ya ke kayar da shi. Shata ya yi zambo mai zafi, kuma akwai mutanen da su ka ba shi kyauta don tsoron bakinsa, ba don so ba. Wanda a ka yi wa zambo ba shi da wurin ɗaukaka ƙara, gama waƙa ta riga ta shiga kaset, 'ya'yansa da jikokinsa za su tarar da ita. Ya yi kuma waƙar da ta shahara a kan shan giya, wadda malamai su ka ƙi ƙwarai, kuma suna da hujja. Yabo don kuɗi ma yana da nasa haɗari, gama mai kyauta ba kullum ne mutumin kirki ba, waƙa kuwa ba ta tambayar inda dukiya ta fito.

Maganar kiɗa da roƙo tsohuwa ce tsakanin malaman ƙasar nan. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an yi rubutu a kanta, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta bisa sharuɗɗa, kuma hukuncinta na malamai ne. Abin da mai tarihi zai ƙara shi ne cewa mutumin nan da ya yi waɗancan waƙoƙi shi ne kuma ya sauke farali, ya yi waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda ta shiga gidajen da sauran waƙoƙinsa ba su shiga ba. An shaide shi kuma da sakin hannu, abin da ya samu a wasa ya kan raba wa makaɗansa da mabukata. Duka biyu nasa ne, ba daidai ba ne a ɗauki ɗaya a jefar da ɗaya.

Ya taɓa siyasa kuma. An zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga GNPP, daga baya ya koma NPN, sa'an nan a Jamhuriya ta Uku ya riƙe shugabancin SDP a Funtuwa, har saɓani ya raba shi da kujerar. Mutumin da ya saba faɗin abin da ya ga dama a gaban sarki, da wuya ya daɗe cikin layin jam'iyya.

Rigar Samaru

Daga Funtuwa zuwa Zariya bai kai mil 50 ba, kuma hanyar ta Giwa da Shika ta ke biyowa, ta wuce ta ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru kafin ta shiga Sabon Gari. An buɗe jami'ar cikin 1962. A farkon al'amari ba wanda zai ce akwai abin da zai haɗa wannan ƙofa da mawaƙin kalangu wanda bai yi boko ba. Amma masana harshe sun lura cewa Hausar da ke bakinsa taska ce, da karin magana da kirari da sunayen garuruwa da na mutane da tarihin zamani. Cikin 1975 Dandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero ta Kano, ya sami digirin Dokta a Jami'ar Indiyana ta Amurka da bincike a kan Shata da matsayin mawaƙin baka cikin jama'ar Hausa da Fulani. Ɗalibai da yawa su ka bi sawunsa.

Cikin 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin Dokta na girmamawa. Gwamnatin Tarayya kuma ta ba shi lambar girma ta MON. Ita wannan jami'a ta girmama Malam Aliyu Namangi na Zariya, makahon malamin nan mai Imfiraji, da irin wannan digiri. Ku duba mutanen nan biyu. Ɗaya ya tsara baitocinsa bisa ma'auni, a ka rubuta su da ajami da boko, a ka buga, almajirai su ka haddace, kome daɗewa ba za su sake ba. Ɗaya kuwa ya saki nasa cikin iska a gaban taro. Samaru ta ga cewa dukansu biyu sun yi wa harshen Hausa hidima, kowa ta ƙofarsa. Yaron da mahaifinsa ya ji kunyar a kira shi maroƙi, ga shi an kira shi Dokta a gaban shaihunnan malamai.

Rasuwarsa da abin da ya bari

A ƙarshen ransa ya yi fama da ciwo, an kai shi asibiti a Jidda, ya dawo, sa'an nan a ka kwantar da shi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A can ya cika ran Jumma'a 18 ga Yuni, 1999, daidai da farkon watan Rabi'ul Awwal na 1420, yana da shekara kamar 76. A ka kai shi Daura, garin Sarki Muhammadu Bashar, a ka yi masa sutura a can. Cikin 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa su ka fitar da babban littafi a kan rayuwarsa.

To, ga abin da ya sa mu ka ɗauko wannan tarihi. Tun da ya ke waƙar Shata a wurin wasa a ke yinta, abin da ke hannunmu yau shi ne kawai abin da na'ura ta kama. Waƙoƙin ƙuruciyarsa na dandalin Musawa mafi yawansu sun tafi da waɗanda su ka ji su. Darare masu yawa da ya raya a bukukuwa ba a ɗauke su ba. Abin da a ka ɗauka ma yana cikin faifai da kaset waɗanda zafi da ƙura da gara su ke ci a cikin akwatuna da bayan kantuna. Samari suna jin waƙoƙin a wayoyinsu, amma sunayen da ke ciki sun soma zama musu baƙi, ba su san wane ne wannan direba ba, ko wace kasuwa ce waccan, ko me ya faru har a ka yi wannan habaici.

Saboda haka muna roƙon dattawan kasuwa, wanda duk ya ke da tsohon faifai ko kaset, musamman wanda a ka ɗauka a gidan biki, kada ya zubar. Ya ba masu sani su juye shi a na'urar zamani, ya kai wa masu nazarin Hausa a jami'a, ga ta nan kusa da mu. Wanda kuma ya taɓa zama a wasan, ya san mutanen da a ka ambata, ya zaunar da 'ya'yansa ya gaya musu, ko ya sa almajiri ya rubuta, ko da ajami ne. Malamai sun fi kowa sanin cewa matani ba ya tsayuwa sai da sharhi, kuma masu sharhin wannan matani suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Allah ya jiƙan Alhaji Mamman Shata, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa da alherin da ya yi. Mu kuma Allah ya kyautata namu ƙarshe, ya sa albarka a karatu da kasuwa, amin.